Ƙafar Rauli

Tun daga bakin hanyar gona Tuukka ya fara jin gangar. Ya kashe babur ɗinsa kusa da tarakta, ya cire hular kwano, ya tsaya yana saurare. Sautin yana fitowa ne daga tsohon ɗakin ciyawa, inda su uku, shi da Rauli da Santtu, suke gwajin kiɗa tun suna 'yan makaranta. Ƙafafu biyu suna dukan manyan ganguna da gudu kamar ƙanƙara a kan rufin kwano, sai su harɗe, sai shiru. Can kuma a sake ɗaukowa daga farko. Kullum a wuri ɗaya suke harɗewa, tsakiyar waƙa ta uku.

Rauli ne, makaɗin gangar ƙungiyarsu, Suovaris, abokin Tuukka tun lokacin da suke zamiya a kan daskararren tafki da takalman aro. Faifansu na farko ya fito, kuma mako mai zuwa za su hau dandamali a Kajaani su ƙaddamar da shi. Da a ce komai daidai yake, da Tuukka ya ruga ɗakin nan da gudu. Sai ga shi tsaye yana wasa da igiyar hula.

"Tuukka! Ka kafe a nan kamar turken wutar lantarki. Shigo, kofi ya yi."

Marjut ce, mahaifiyar Rauli, ta leƙo ta tagar kicin. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ya shiga.

"Kada ki wahalar da kanki saboda ni."

"Wa ya ce maka saboda kai ne?" Ta riga ta cika masa kofi, ta yanko masa pulla, burodin nan mai zaƙi, da ta fito daga tanda, ƙamshinta ya cika ɗakin.

Faifan yana kan kanta, an jingine shi tsakanin hoton aurensu da hoton Rauli cikin kayan soja. A jikin kwalinsa hoton hankaka ne a kan fadamar da ta daskare, da sunan ƙungiyar cikin rubutun da ba mai iya karantawa. An goge shi har yana ƙyalli.

"Na kai wa Helvi mai kanti ta gani," in ji Marjut. "Na ce mata ihun nan na Santtu ne, ba ruwana da shi, yaron kamar an shaƙe ɗan maraƙi. Amma ki saurari ƙasa, wannan rugugin ƙafafun ɗana ne."

Tuukka ya kai kofi baki, ya ƙona harshe, bai nuna ba.

Ta ja kujera ta zauna, ta rage murya. "Rauli ya je asibiti. Bai gaya maka ba?"

"A'a."

"Jijiyar dunduniyarsa ce ta kumbura. Likita ta ce ya huta, in ba haka ba wata rana za ta tsinke. Ina hutun? Daga tatsar safe sai ganga, daga ganga sai tatsar yamma. Ubansa ga ciwon baya, shi kuma ga ɗingishi. Ka yi masa magana mana. Kai kaɗai yake jin maganarka."

Ya ce to.

Abin ya faru ne cikin hunturu, a wani situdiyo da ke ƙarƙashin ƙasa a Oulu. Rauli ya kaɗa nasa cikin 'yan kwanaki, ya tattara sandunansa ya koma gida, don shanu ba su san wani abu faifai ba. Aka bar Tuukka mai jita da Santtu mai waƙa tare da Jouko, mai situdiyon, wani tsohon makaɗi mai furfura har gadon baya.

Jouko ya kunna musu gangar ita kaɗai, ya nuna musu allon kwamfuta da biro.

"Hannuwansa ba laifi. Ƙafafun ne suke tangaɗi kamar mai dawowa daga mashaya. Ku duba nan. Ku duba nan ma." Ya sosa gemu. "Zan gyara. Kowa haka yake yi, yara, ba ku ne farau ba."

Da farko wuraren gudun kaɗai ya cire, ya dasa bugun na'ura a madadinsu. Sai sautin sabo da na tsoho suka ƙi haɗuwa, ya cire ƙafafun gaba ɗaya. Da ƙafafun suka miƙe sumul, sai hannuwan suka zama kamar su ne masu laifi, su ma aka bi su. Kafin mako ya ƙare babu bugu ko ɗaya na Rauli da ya rage a faifan, sai sunansa a bayan kwali.

Wannan duka ana iya ɗora wa Jouko. Amma akwai abin da ba wanda zai ɗauka sai Tuukka. Da ya ji yadda na'urar take gudu ba ta haki, shi da bakinsa ya ce a ɗan ƙara wa waƙa ta uku sauri. Kaɗan ne, wanda kunne ba zai kama ba. Jitarsa ta hau kan gudun nan tana kuka tana rera, tsigar jikinsa ta tashi, ya manta da cewa akwai mutum mai nama da jijiya da zai kaɗa wannan a gaban jama'a.

A jirgin ƙasa na komawa Santtu ya tambaye shi, "Wa zai gaya masa?"

"Ni."

"Yaushe?"

"In lokaci ya yi."

Lokacin kuwa ya zo har gabansa. A motar Veikko, mahaifin Rauli, suka fara kunna wa Rauli faifan, a wurin ajiye motoci na gidan mai, dusar ƙanƙara tana narkewa a kan gilashi. Rauli ya riƙe sitiyari da hannu biyu har aka kai ƙarshe. Ya ja hanci, ya goge da bayan hannu.

"To," ya ce. Can kuma a hankali, "Ashe na iya."

Tuukka ya ce, "Mm."

A ƙasarsu namiji yana iya cewa mm a karɓa masa a matsayin cikakkiyar magana, ba mai bin diddigi. Da wannan mm ɗin ya fake, har ƙanƙara ta narke, har ciyawa ta fito.

Yanzu ya ajiye kofi, ya yi wa Marjut godiya, ya nufi ɗakin ciyawa. Santtu ya riga shi, yana zaune kan lasifika yana taunar cingam. Rauli yana bayan ganguna ba riga, gumi yana tsiyaya daga gashinsa, na'urar sauraro a kunne. Faifan yake bi. An naɗe ƙafarsa ta dama da bandeji har ƙwauri. Ya shiga wurin gudun, ya cije leɓe, ya riƙe, ya riƙe, sai ƙafar ta suɓuce daga kan feda. Ya fizge na'urar daga kunne.

"Ga sarkin jita ya iso," in ji Santtu. "Ka sha kofin mutane, ka ci pullar mutane, mu kuma muna nan sauro yana cinmu."

"Ai kai sauro ma tsoron muryarka yake," Rauli ya ce, yana haki. Ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. Ya ɗora sanduna a cinya, ya dubi ƙasa. "Ku saurara. Ina da magana."

Ba su taɓa jin Rauli ya fara zance da haka ba. Santtu ya daina tauna.

"Ban san abin da ya same ni ba. A Oulu na yi shi, ga shi nan kowa yana ji. Yanzu ko kusa ba na kaiwa. Na ƙara awoyi, na canza feda, na daina shan komai. Har na ce wa likitar ta duba ko wani abu ne a kaina, ba a ƙafa ba." Ya murza sandar a tafin hannu. "Ba na son in ba ku kunya a Kajaani. Akwai wani yaro a Kuhmo, an ce yana da ƙafa. Ku kira shi ya kaɗa ranar. Ni zan ɗauki kaya, in tuƙa mota. Ba zan ji haushi ba. Ni ne na lalace, ku yi haƙuri."

Sauro ɗaya yana kuka kusa da kunnen Tuukka, bai iya ɗaga hannu ya kore shi ba. Santtu ya zuba masa ido, irin kallon da ya fi mari. Sannan ya miƙe.

"Ni zan je in ga ko shanu suna buƙatar waƙa," ya ce, ya fita ya ja ƙofa da ƙarfi.

Suka rage su biyu. Tuukka ya buɗe baki. Ya dubi hannuwan Rauli, hannuwan da suke ɗaga buhun abincin shanu ɗaya ɗaya kamar filo, ya dubi sandunan, ya dubi ƙofar.

"Yau Asabar," ya ji kansa yana cewa. "Babanka ya hura sauna?"

"Tun ɗazu hayaƙi yake tashi."

"To mu yi maganar a can."

Saunar tana bakin tafki, ƙaramin ɗakin katako na wankan tururi da ya yi baƙi don tsufa. Rana tana nan sama da itatuwa ba ta da niyyar faɗuwa. Santtu ya ce shi yana da uzuri, ya hau kekensa ya tafi. Veikko ya shiga tare da su, ya zauna a bencin sama yana bugun bayansa da damin ganye, ya yi zancen ciyawa da ruwan sama jimla biyu, ya sauka yana dafe da ƙugu.

"Kada ku bar wutar ta mutu, matan za su shiga bayanku," ya ce, ya rufe ƙofa.

Shi ne ya koya musu dokar wurin tun suna ƙanana, lokacin da suke zama a bencin ƙasa kusa da bokiti. A sauna ba a faɗa, ba a zagi, ba a ɗaga murya. Yadda mutum yake zama a coci haka yake zama a nan. Tuukka ya san wannan sarai, kuma saboda shi ya zaɓi wurin, ko da yake bai yarda ya faɗa wa kansa ba.

Rauli ya kwance bandejin ya rataye a waje. A ɗan hasken tagar ana ganin dunduniyar ta yi suntum, ta yi ja. Ya miƙe ƙafar a kan katako yana lumshe ido.

"Ba kai ba ne a faifan," in ji Tuukka. Murhun yake kallo.

"Me?"

"Gangar. Na'ura ce. Jouko ya cire naka bayan ka tafi."

Itace ya fashe a cikin wuta.

"Wane wuri?"

"Duka."

"Har ta farko? Mai tafiyar hawainiya?"

"Duka, Rauli." Da ya so, da ya tsaya a nan, ya bar wa Jouko kayan. "Ta uku kuma an ƙara mata gudu. Ba ka taɓa kaɗa ta haka ba, ko a Oulu. Ni na ce a ƙara."

Rauli bai motsa ba. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa kamar yau ya fara ganinta. Ya sa hannu ya taɓa kumburin a hankali.

"Wato lafiyata ƙalau," ya ce.

"Ƙalau."

"Na ɗauka ciwon kakana ne ya fara kama ni. Shi ma ta ƙafa ya fara." Ya saki wani dogon numfashi, har kafaɗunsa suka sauka. Tuukka ya ga sauƙin da ya sauko masa a fuska, ya kuma ga lokacin da sauƙin ya wuce, wani abu ya maye gurbinsa.

Rauli ya ɗauki ludayi, ya ɗebo ruwa, ya watsa kan duwatsun murhu masu zafi. Tururi ya tashi ya bugi rufi ya sauko musu a baya. Ya sake ɗebowa. Ya sake. Kunnuwan Tuukka suka fara zafi kamar ana yanka su, ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi, yana shaƙar iska ta tafin hannu. Ƙofa tana nan kusa, taku kaɗan. Bai tashi ba.

"Santtu ya sani?"

"Ya sani. Ni na ce zan gaya maka."

"Tun hunturu."

"Tun hunturu."

"Kana tsaye a ɗakin can kana kallona ina bin kwamfuta da ƙafa."

Mm ɗin ma ya ƙi zuwa bakin Tuukka.

Wani ludayin ya sauka kan duwatsu. Muryar Rauli ba ta tashi ko kaɗan ba, a kwance take kamar mai tambayar farashin taki.

"Ka iya zaɓen wuri, mutumina. Ka kawo ni inda ba zan iya yi maka ihu ba."

Wannan ta fi tururin ƙuna. Tuukka ya ji da ma Rauli ya ɗaga ludayin ya kwaɗa masa a ka, ya karya dokar ubansa, su zama su biyu masu laifi. Amma Rauli ya rataye ludayin a bakin bokiti yadda aka saba, ya ƙara itace biyu a wuta saboda matan, ya sauka yana ɗingishi ya fita.

Da Tuukka ya fito, jikinsa ja kamar an ɗaye, ya tarar da shi zaune a ƙarshen gadar katakon da ta shiga cikin tafki, ƙafar tana cikin ruwan sanyi. Ya zauna nesa kaɗan. Sauro suka yi musu caa.

"Da kun ce min ban iya ba, da na ji zafi mako guda," in ji Rauli, yana kallon tsallaken tafkin. "Sai in koma in koya. Ko ku jira ni, ko ku nemi wani. Duk wanda kuka yi, da na san inda nake tsaye."

"Na ji tsoro ne."

"Na me? Ni?"

"Na fuskarka a motar nan. Da ka ce ashe ka iya."

Rauli ya yi tsaki mara ƙarfi. Ya motsa ƙafar cikin ruwa.

"Ba zan taɓa ganga ba sai ranar Kajaani. Likita ta ce hutu, zan huta. Ranar kuma ni zan ƙirga mu fara, da gudun da ƙafata ta sani. Ku bi ni. In bai yi muku ba, ku ɗora kwamfutar Jouko kan kujerata ku sa mata riga."

"Za mu bi ka."

"Bayan Kajaani ban sani ba. Kada ka tambaye ni."

Tuukka ya gyaɗa kai. Ya ji kamar an ɗan sassauta igiyar da ke wuyansa. Ya ɗauka a nan maganar ta ƙare.

Suka sa kaya suka hau zuwa gida, Rauli a gaba da bandeji a hannu, bai mayar ba. A kicin an shimfiɗa farin mayafi a tebur, an fito da kofunan baƙi. Helvi mai kanti ta zo shiga sauna tare da Marjut, tana zaune da tawul a cinya. Veikko yana gefen taga yana shafa man shanu a kan burodin hatsi.

"Ga taurarin nan," in ji Helvi. "An ce har a Helsinki ana sayar da ku. Ku zauna in gan ku da kyau kafin ku fi ƙarfinmu."

"Tsaya ki ji da kunnenki," Marjut ta ce. Ta ɗauko faifan daga kanta da yatsu biyu, ta hura masa iska, ta sa a rediyon kicin. Ta san lambar da take so. Waƙa ta uku ta ɓarke, cokula suna rawa a cikin kofuna. Helvi ta dafe ƙirji. Veikko ya ci gaba da shafa mai, amma ƙafarsa tana ɗan motsi a ƙarƙashin tebur.

"Bar ihun, bar ihun," Marjut tana ɗaga murya sama da kiɗan, fuskarta tana haske. "Ƙasa za ki saurara. Kin ji? Kamar jirgin ƙasa. Yaron da ko rawa bai iya ba a makaranta!"

Rauli bai zauna ba. Ya miƙa hannu ya rage sautin har ya zama kamar ƙudan zuma a cikin kwalba.

"Mama, ba ni ba ne wannan."

"Kamar yaya ba kai ba ne? Ga sunanka a baya."

"Tuukka zai yi miki bayani. Shi ya fi ni sanin yadda aka yi." Ya ɗauki hularsa daga ƙusa. "Zan duba saniyar nan mai ciki."

Ya sa takalmin roba a bakin ƙofa, a hankali saboda dunduniyar, ya fita. Ta taga ana ganinsa yana tsallaka fili, yana jan ƙafa.

Marjut ta juyo, butar kofi a hannu, murmushin bai gama barin fuskarta ba. Helvi ta gyara zama. Veikko ya ajiye wuƙa a gefen faranti. A nan ba tururi, ba dokar da za ta hana kowa cewa komai. A rediyo na'urar tana ta gudu ƙasa ƙasa, ba ta kuskure ko ɗaya.

"To, Tuukka?" in ji Marjut. Ta cika masa kofi, don hannunta ya saba.

Ya dubi kofin, ya dubi hoton Rauli cikin kayan soja, da gurbin da faifan ya bari a kanta. Ya tashi ya kashe rediyon da kansa, ya dawo ya tsaya a bayan kujera, ya riƙe ta da hannu biyu.

"Cikin hunturu ne," ya ce, "bayan Rauli ya dawo wajen shanu."